Na Tafi Lome Ɗauko Takwarata

A bakin kogin Gaya na fara sanin na bar gida. Ni da anka haifa a gefen tabkin Madarunfa, na yi aure a gefenshi, na tsufa ina soya kifinshi, ban taɓa zaton akwai ruwan da zai ba ni tsoro ba. To, namu ruwan zaune yake, ya san mu, mun san shi. Wanga kuwa tafiya yake yi, ja wur, bai tsaya kallon kowa ba. Gadar da motoci ke bi a rufe take a lokacin, kowa sai ya sauka ya shiga jirgin ruwa: mai albasa da albasarshi, mai babur da baburinshi, ni kuma da ƙullin kayana bisa kai da carbi a hannu.

Sunana Rabi. Abin da ya fito da ni kuwa wata Rabin ce, jikata, ɗiyar Isuhu ɗana na tsakiya. Sunana anka sa mata, shi ya sa ubanta ba ya iya kama sunan, sai dai ya ce Uwa, ni kuma in ce Takwara. Mutanen waje sun san ta da Rabi Bahaguwa, don da ƙafar hagu take buga ƙwallo.

Tun tana ƴar mitsitsiya, in rani ya yi ruwan tabki ya janye ya bar fili, nan za a same ta cikin yara maza, zane tattare a ƙugu, tana korar ƙwallon tsumma. An buge ta, an kulle ta, an hana ta tuwo, duk bai yi komai ba. Wani malamin lakkwal ɗinsu, makarantar boko, ya yi ta sintiri gidanmu har Isuhu ya gaji ya bar ta ta shiga ƙungiyar ƴan mata a Maraɗi. Daga Maraɗi sai Yamai. Wata rana anka kira ni shagon maƙwabcinmu wai in zo in ga abin mamaki, na tarar da ita cikin tele, sanye da rigar ƙasa, kanta ɗaure, tana gudu kamar barewa. Waɗanda sunka zage ta jiya su ne ke tsalle suna cewa ɗiyarmu ce. Ni dai na duba na ga ta rame, na koma na ci gaba da suyata.

Ana nan sai ga wani dillali mai takalmi mai tsini, ya ce zai kai ta Lome ta buga shekara guda, daga nan sai Turai. Da farko tana kira, tana aiko mini da na goro. Daga baya kira ya ja baya, in an tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Sai wani ɗan garinmu mai tallan takalma a can ya zo ganin gida da salla, ya ce da idonshi ya gan ta a bakin teku tana ɗingishi, da roba bisa kai tana sayar da ruwan sanyi. Maganar ta gama zaga gari kafin ta shigo gidanmu.

Isuhu ya kira ta, ta ce ba za ta iya dawowa yanzu ba. Ya rantse zai je ya kawo ta ko da a ɗaure. Na san ɗana, na san takwarata. In sunka haɗu a ƙasar mutane, abin da za a faɗa ba zai gogu ba. Ga damina ta kama, gero na jiran noma. Na ce ya zauna, ni zan tafi. Sai ya ce, “Inna, in kin tafi, kada ki dawo ke kaɗai.” Na ce na ji, tare za mu dawo. A gaban ƙannenshi na faɗa, kuma ni ba a san ni da magana biyu ba.

Hannun Hajiya Tasalla anka danƙa ni, wata mai fataucin atamfa daga Ɗan Issa da ke zuwa sari Kwatano. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda jandarmomin hanya ke gaishewa da suna. Da munka kai tsakiyar kogi injin jirgin ya yi tari ya mutu. Ruwa ya fara tafiya da mu a gicciye. Wani na kwashe ruwan da ke shigowa da rabin bido, irin jarkar mai, wani na jan igiyar inji yana zagi cikin harshensu. Hajiya kuwa gyaɗa take ɓarewa. Ban san lokacin da na damƙe hannun wani mutum da ke kusa da ni ba, baƙo, da gicciyen Kirista rataye a wuyanshi. Bai janye ba, bai dube ni ba, ya bar mini hannun har inji ya tashi munka taɓa gaci. Da na sake shi na ga shatin farcena a fatarshi. Ya ɗauki jakarshi ya shige cikin mutane.

A Malanbil na kwance ɗan ƙullin da ke bakin zanena. Ƙasar gida ce, na ɗebo ta kusa da kushewar waliyyai kafin in taso. Haka munka gada: in za ka sha baƙon ruwa, ka barbaɗa ƴar ƙasar garinku a ciki, don cikinka kada ya yi gardama da shi. Hajiya ta yi dariya ta ce ita shekara da shekaru tana hanyar nan, ƙwayar kanti kawai take haɗiya. Na ce kowa da abin da ya riƙe shi. Na sha ruwana.

Nan garin ne anka cuce ni. Hajiya ta tafi kashe wata magana da mutanen duwan, wato kwastan, ta ce in zauna kan kaya kada in kula kowa. Sai ga wani saurayi, Hausa a bakinshi kamar ɗan Katsina, yana ce mini Inna sannu da hanya, Inna ina gajiya. Ya nuna mini mota cike da mutane, ya ce mutum biyu kawai ake jira a tashi Faraku. Na ce a raina bari in nuna wa Hajiya ni ma ba kaya ba ce. Na kwance kuɗina na biya mana mu biyu. Ina biya, sai mutanen cikin motar sunka fara fita ɗaya bayan ɗaya, wanga zai yi alwala, wancan zai sayo burodi. Kafin Hajiya ta dawo ni kaɗai ce zaune cikin mota kamar mai gadi. Ashe ƴan zaman haya ne, ana ajiye su don mota ta yi kama da ta cika. Hajiya ta yi masifa har muryarta ta dishe, kuɗi dai ba su dawo ba. Tun hantsi muna nan, ƙarfe na gasa mu, sai bayan la'asar mota ta cika da mutanen gaskiya.

Ba zaman ne ya fi ci mini rai ba. Da harshenmu ya kira ni Inna. Kuma cikin ƴan zaman nan akwai wani dattijo, sa'an mijina marigayi, da carbi irin nawa. Na hange shi ya koma wata motar yana irin zaman da ya yi a tamu. Munka haɗa ido, ya sunkuyar da kai. Da motarmu za ta tashi ya zo ta taga ya ajiye mini lemo biyu bisa cinya. Na so in jefar, ƙishirwa ta hana.

Daga nan ƙasa ta fara sauya fuska. Gero ya ƙare, sai kunyar doya tuli-tuli kamar an kifa ƙore a gona. Itatuwa sunka yi duhu, Hausa ta yi ta raguwa a bakin mutane har ta ɗauke. Ƙafafuna sunka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ina tuna war haka da ina bakin murhu, mai na ƙara, jikoki na jiran in ba su kan kifi. Na ja gyale na rufe fuska don kada Hajiya ta gani.

Bayan Faraku wata yarinya mai goyo ta shigo ta zauna kusa da ni. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta dube ni sau ɗaya, ta kwance ɗanta ta aza mini bisa cinya kamar ni na haifi uwarta, ta jingina kai ta yi barci. Ɗan ya kama carbina yana tsotsa, can kuma ya jiƙe mini zane sharkaf. Wallahi tun da na bar gida ban ji sanyi a raina ba sai da fitsarin nan ya ratsa ni. Da za ta sauka ta tura mini soyayyar doya cikin takarda, ta ɗan rusuna, ta tafi.

Kwatano kuwa ban ga gari ba, babura na gani, kamar an fasa gidan tururuwa, kowane da riga ruwan ɗorawa. A can Hajiya ta kira Takwara da salularta ta shaida mata ga kakarta nan tafe. Ina jin muryarta daga nesa tana roƙon a mayar da ni gida, wai hanya ba ta tsofaffi ba ce. Na karɓi salular na ce, “Takwara, gobe ina Lome. In kin ga dama ki tarbe ni. In ba ki ga dama ba in zauna tasha har in mutu, a ce ai jikarta na garin.” Sai ta faɗa wa Hajiya tashar da za a sauke ni.

Nan Hajiya ta tsaya, sarinta na nan. Ta sa ni ƙaramar mota, ta ja wa direba kunne da Faransanci, ta cusa mini burodi a hannu. A iyakar Togo anka sauke mu duka, wai kowa ya ƙetare da ƙafa, mota za ta jira a gaba. Na ƙetare, na tarar da motoci jere duk kala ɗaya, direbobi duk fuska ɗaya. Na tsaya tsakiyar mutane ina juyi, ba wanda zan tambaya. Wata mata mai tallan abarba, kai ba kallabi, ta ajiye tirenta ta kama wuyan hannuna ta yi ta bi da ni mota mota. Daga ƙarshe ba ido ya gane motar ba, hanci ne. Daddawar da na ƙullo wa Takwara ta sha rana cikin but ɗin motar, ta cika wurin da ƙamshi, direban na tsaye nesa yana toshe hanci. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗebo mata daddawar, ta karɓa da hannu biyu.

Daga nan teku ya fito ta hannun hagu. Ban da abin cewa game da shi. Na yi ta neman gacin can, ban gani ba, na koma ga carbina.

Tana tsaye a tasha cikin dogon wando da hijabi. Na gan ta kafin ta gan ni. Ta taho, ta zo za ta durƙusa ta gaishe ni yadda anka koya mata, sai gwiwar hagu ta ƙi. Ta gwada, ta cije leɓe, ta tsaya rabi a sama rabi a ƙasa, hannunta bisa ƙafata. Ban tambaye ta komai ba. Abin da ta ɓoye mana shekara guda, gaisuwar nan ta faɗa mini shi duka. Na ɗaga ta na ce ta ɗauki kaya, rana na yi.

Gidan da ta kai ni na wata mata ce da ake kira Maman Afi, Kirista, mai bandar kifi. Tun daga ƙofa na ji hayaƙin da na sani. A nan na ji sauran labarin. Ana cikin wasa anka taka ta, wata jijiya ta tsinke cikin gwiwa. Dillalin ya ce zai je ya dawo, har yau. Ƙungiyar ta riƙe ta ƴan watanni, sannan anka ce ta bar ɗakin. Maman Afi na kai kifi kusa da wurin, ta same ta zaune bisa jakarta da ƙafa kumbure, ta sa anka ɗauko ta. Ita ta bi matan cocinsu da matan Zango, unguwar Hausawa, har anka haɗa abin da likita ya yi aiki. Ta ware mata tukunyarta daban, ta saya mata buta da tabarmar salla. Na rasa da bakin da zan gode. Da safe na je na zauna gefen tandarta na kama fere kifi. Ta dubi hannuna, ta tura mini babbar wuƙa. Shi ke nan gaisuwarmu, kuma ta ishe mu.

Na zo da man shanu da ganyen gashi, don na ɗauka targaɗe ne da bai sami hannu ba. Kullum da safe in dafa ruwa in gasa gwiwar, Takwara na cije baki tana bari na. Sai da na yi kwanaki ina yi sannan ta kama hannuna ta aza bisa tabon ɗinkin, ta ce abin da ya tsinke can ciki yake, an ɗinke, ƙafar za ta yi tafiya, za ta yi ɗan gudu, amma wasa ya ƙare. Ta faɗe shi kamar mai faɗin farashin gero. Na ce to alhamdu lillahi, tunda ya ƙare sai ta ɗaure kaya, ranar Lahadi za mu kama hanya.

Sai ta ce akwai saura. Wai tana koyon aikin horar da ƴan wasa. Da safe ta yi tallan ruwa, da rana ta je inda ake koya musu, da la'asar kuma tana da ƴan mata nata da ta tara da kanta tana horarwa. Da kaka masu jarrabawa za su zo su ga yadda take aiki da yaran, in sun gamsu su ba ta difilom, takardar shaidar ƙwarewa. In ta tafi yanzu, yaran sun watse, wahalar ta tashi a banza, ta koma Madarunfa a matsayin gurguwar da ta je yawo ta dawo. Ta roƙe ni in bar ta zuwa kaka.

Na ce na yi wa ubanta alkawari a gaban mutane. Na ce ƙwallo ya ci ƙafa ɗaya, ba zan bar mishi ta biyu ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Da ubanta ne da an ji su har bakin titi, amma ni ba ta taɓa tsallake maganata ba. Ta ce to. Abu ɗaya ta nema, in raka ta ranar Asabar ta yi sallama da yaran.

Filin nasu rairayi ne a bakin teku, ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Yaran sun kai ashirin, wasu da hijabi, ɗiyan Zango, wasu da kai a aske, ɗiyan masunta. Na shimfiɗa gyalena nesa kaɗan na ba su gefe, ina kallon ruwa, don na ƙudurta ba zan kalli abin da ya karya mini jika ba. Na ji ta busa usur. Na ji gudu ya tsaya. Sai na ji tafi.

Biyu a jere, a ɗan dakata, sannan na uku ya faɗo da nauyi. Wanga tafin ba na kowa ba ne, na unguwarmu ne. Ko ƴan matan Safo da ke kusa da mu ba haka suke yin nasu ba. Na juya.

Sun yi rabin da'ira, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya musu baya, ta saki jiki ta faɗa, sunka cafe ta sunka cilla sama, ta dira bisa ƙafafunta. Gaɗa. A bakin teku, a ƙasar da ba a jin ko sannu.

Ni ce uwar gaɗar unguwarmu a zamanina. Ni ke ba da waƙa, ni ke jera masu cafewa, ni ke sanin wadda ta yi faɗa da wata in haɗa su wuri ɗaya. Bayan na yi aure ma, daga bakin zaure nake gyara wa na baya tafi. Yanzu abin ya mutu, yara sun koma kallon salula. Takwara kaɗai na koya wa a tsakar gida, tana faɗowa bisa hannuna tana ƙyalƙyala dariya, ban san ta riƙe ba.

Ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallonsu. Ta ce da ta fara tara su, ɗiyan Zango ba sa ba ɗiyan masunta ƙwallo, su ma haka, kowa na wasa da nashi. Kuma duk sun ga tabon gwiwarta, suna tsoron faɗuwa. Ta yi magana har ta gaji. Rannan sai ta tuna da tsakar gidanmu. Ta ce wadda ta cafe ki jiya, yau ba kya hana ta ƙwallo.

Ana haka layi ya zo kan wata doguwa mai suna Akosiwa, ita ce mai tsaron gidansu. Ta juya baya, ta fara faɗuwa, sai ta lanƙwashe ƙugu ta waiwaya, ta zube zaune. Ta sake, haka. Ban san na miƙe ba. Na ji bakina na cewa kada ta waiwaya, mai waiwaye ita ke jin ciwo. Yaran Zango sunka kwashe da dariya suna fassara wa sauran. Takwara ta dube ni ta gefen ido, irin kallon da take mini tun tana yarinya in za ta tsokane ni.

“Tsohuwa, baki dai. In gaskiya ne a nuna musu.”

“Ke, ni sa'arki ce? Rabona da gaɗa tun ba a haifi ubanki ba.”

“To zauna, kada ki karye a ce ni na kashe ki.”

Na tuɓe takalmi. Na ɗaure gyale a ƙugu. Na shiga tsakiya, rairayi na da ɗumi, sunka ɗauki tafi. Na taka sau biyu, ƙafafun sunka tuna abin da ni na manta. Sannan na juya baya ga ɗiyan mutanen da ban san iyayensu ba, ban san addinin rabinsu ba, ba na jin harshensu. Na ce bismillahi, na saki jiki.

Na ga ganyen kwakwa, na ga sama. Sai hannuwa, da yawa, ƙanana, masu ƙarfi, a bayana da hamatana da ƙeyata. Ba su cilla ni ba, tsoro sunka ji. Sunka tsayar da ni a hankali kamar masu ajiye ƙwai. Kallabina ya faɗi, furfura ta fito fili, wata ƴar masunta ta ɗauko ta kakkaɓe ta miƙo mini da hannu biyu. Akosiwa ta dube ni, ta dubi ƴan'uwanta, ta fito ta juya baya ta faɗi miƙe kamar tabarya. Da anka cilla ta sai da ta kusa taɓa ganye.

Ban koma kallon teku ba. Na zauna na kalli aikin har ƙarshe. Takwara na bin gefen fili da ɗingishinta, tana kiran kowace da sunanta. In yarinya ta yi kuskure ba ta yi mata tsawa cikin mutane, sai ta ja ta gefe ta nuna mata da ƙafar dama, wadda da ba ta iya komai da ita ba. Da rana ta yi ja ta tara su, sunka kama hanya, ba ta bar ko ɗaya ba sai da ta ga ta shiga ƙofar gidansu. Haka nake yi in an tashi gaɗa. Ba wanda ya gaya mata wannan, ni ma ba wanda ya gaya mini. Sallamar da ta zo yi kuwa, har munka isa gida ba ta iya buɗe baki ta yi ta ba.

Ranar Lahadi da safe na tarar ta ɗaure jakarta ta ajiye bakin ƙofa. Na ce ta mayar ciki, ta zo ta kama mini nawa ƙullin. Ta tsaya tana kallona. Na kwance sauran ƙasar gida daga bakin zanena na sa mata a tafin hannu, na ce ta riƙa barbaɗawa kaɗan kaɗan, ta kai ta kaka, ban yarda ta wuce kaka ba.

“Kaka, Baba fa?”

“Ubanki ni na haife shi.”

Maman Afi ta cika mini kwando da bandar kifi, ta rako ni har tasha tana ta magana, ina ta amsawa, ba wadda ta ji ta wata.

Komawa ba ta yi tsawon zuwa ba. Isuhu na ƙofar gida da kalme a kafaɗa lokacin da kabu-kabu ya sauke ni. Ya dubi bayana, ya ga ba kowa. Ya karɓi kayana ya shigar. Da ya zo gaisuwa da safe na gaya mishi duk abin da na gani, ban rage ba, har tallan ruwan. Na ce na yi alkawari na saɓa, kuma da sanina na saɓa, in akwai laifi nawa ne. Ya ce, “Inna, kin fi ni sani.” Daga ranar yana zuwa gaisuwa, amma a tsaye, ba ya zama bisa tabarmata. Mata a bakin rijiya sunka ce tsohuwa ta je ɗauko jika, jika ta saye ta da kifi. Na ji, na ci gaba da suyata. Damina ba ta taɓa yi mini tsawo kamar wannan ba.

An gama yankan gero, ana ɗaurin dammuna, sai ga ta da jakarta da usur a wuya. Ta miƙa wa ubanta takardar, ya juya ta gaba da baya, ya mayar mata. Da ruwan tabki ya janye ta je ta nemi izinin filin nan da anka sha dukanta a kanshi. Yara biyar ta fara da su, uku jikokina ne. Iyaye mata sunka ce ba za su ba da ɗiyansu ba sai in ina wurin, don haka na mayar da kaskon suyata bakin fili. Yanzu in la'asar ta yi ana jin tafi har kasuwa, kuma har daga garin Sarkin Yamma akwai mai kawo ɗiyarshi bisa babur. Duwatsu muke jerawa a madadin ragar gida.

Rannan muna tsaka da aiki sai ga Isuhu da amalanken jaki. Bai dubi fili ba. Ya tsaya gefe ya sauke itace dogaye, ya jera su ƙasa, ya ce, “Uwa, ga wasu tsofaffin itace nan, ragowar rumbu ne, sun tare mini wuri a gida. In ba ku so a ƙona.” Ya juya jakinshi. Da ya zo daidai kaskona sai ya zauna bakin tabarmata ya ce in ba shi kan kifi.

Na miƙa mishi. Na saci kallon itacen. Tsayinsu ɗaya, daidai na kafa ragar gida, an fere su sumul, ruwa na tsattsafowa daga bakin saran. Da safen nan anka sare su.